Tsohon kicin da kuɗin adashi: me za a fasa, me za a bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Gidan da muke ciki a Kano mahaifin maigidana ne ya gina shi wajen 1984, mu muka gaje shi. Kicin ɗin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, gara ta cinye kabet ɗin ƙasa, akwai bango ɗaya da fentinsa kullum ɓarewa yake yi. Ƙasan gidan duk tarazo ne irin na da, tagogin kuma luba. Na kwashi adashi, maigida ya ƙara mini wani abu, duka ya kama naira dubu 800. Wani mai aiki ya zo ya duba ya ce sai an farfasa komai an sa tayil da silin POP, kuɗin da ya yanka ya ninka nawa sau huɗu. Ina son kicin da falo su fito kafin bikin 'yata. Ta ina zan fara, kuma me zan haƙura da shi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya alheri a bikin, Ya kai mu lokacin da rai da lafiya.

Idan na fahimce ki, tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, shin gidan da ya haura shekara 40 zai yi kyan gani ba tare da an farfasa shi ba? Ta biyu, da yake kuɗin ba zai isa komai ba, wane aiki ne zai sha gaba, wane ne zai jira? Na fara sana'ar gini ne ina yaron magini, kuma yau fiye da shekara 20 ke nan yawancin aikina gyaran tsofaffin gidaje ne, don haka zan gaya miki abin da zan yi da a ce gidan yayata ne.

Amsar ta farko ita ce e, zai yi. Gidajen da aka gina a wancan zamani, waɗanda masu su suka tsaya a kan aikinsu, galibi ƙashinsu mai ƙarfi ne: bulo mai siminti sosai, kantar kicin ta kankare, tarazo da aka zuba aka goge, katakon ƙofa na maɗaci. Abin da ke lalacewa a cikinsu sama-sama ne, wato fenti, filawud, famfo da wayar lantarki. Shi kuwa fasa abu sau huɗu ake biyansa. Za ki biya mai fasawa, ki biya mai kwashe ɓaraguzai, sannan ki sayi abin da zai maye gurbin wanda aka fasa, ki biya mai sa shi. Ban ce mai aikin da ya zo miki mugu ba ne. Da yawa daga cikinmu sabon aiki muka iya, kuma a nan ribar take, shi ya sa bakinmu ya fi saurin cewa "a fasa". Amma da kuɗin da ke hannunki, duk gudumar da aka ɗaga a gidan nan sai kin tambayi dalilinta.

Bangon da fentinsa ke ɓarewa

Da wannan bango za ki fara, tun kafin ki je kallon kalar fenti. Fenti ba ya ɓarewa a wuri ɗaya shekara da shekaru haka kawai, ruwa ne a cikin bangon. Ruwan nan kuwa ta ɗaya daga hanyoyi uku yake zuwa, kuma da idonki za ki iya rarrabe su.

Idan tabon daga sama ya gangaro, kusa da silin, kuma ya fi tsananta a watan Agusta lokacin da damina ta kankama, to kwano ne ke yoyo, ko kuma indararo ya toshe. Wannan shi ne mafi sauƙi: kafinta ya hau ya canja ƙusoshin da suka saki, ya sauya fallen da ya ruɓe. Idan tabon a tsakiyar bango yake, ba ruwansa da rani ko damina, duba bayan bangon. Sau da yawa banɗaki ne ko sinki a can, wato fayif ne ya fashe a ciki. Gidajen wancan lokaci da fayif ɗin ƙarfe aka yi musu aikin famfo, shi kuwa tsatsa yake yi daga ciki har ya huje. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: a cika tanki da daddare, a rufe dukkan famfuna, a sa alama a inda ruwan ya tsaya. Idan da asuba ya sauka, akwai inda yake tsiyaya. A irin wannan hali ba na ɓata lokaci ina tonon tsohon fayif. Sai in yanke shi daga tushe, in ja sabon na roba ta bayan gida, a huda bango a shigo da shi daidai sinki.

Ta uku ita ce mai wahala, kuma ita na fi gani a tsofaffin unguwannin Kano. Tabon daga ƙasa yake tasowa, ya kai gwiwa ko ƙugu ya tsaya, filasta ta riƙa yin wani fari-fari kamar gishiri tana zubowa. Danshin ƙasa ne ke hawa bango. Dalilinsa shi ne a cikin shekaru 40 an yi ta cikon layi da tsakar gida har ƙasar waje ta zo daidai da ɗaki ko ta fi shi tudu, ko kuma kwata ta bi gindin bangon. Maganin daga waje yake farawa. A karkatar da kwatar, a rage cikon da ya jingina da bango, a yi ɗan daɓen siminti mai gangare yadda ruwa zai riƙa gudu daga ginin. Sannan a ciki a kankare filastar da ta mutu har a wuce iyakar tabon da kamar ƙafa ɗaya, a bar bulon a buɗe ya sha iska, a sake filasta da garin nan da ake haɗawa da siminti don hana ruwa ratsawa. Sabuwar filasta tana bukatar sati uku zuwa huɗu kafin ta karɓi fenti.

Za a ba ki shawara a ce a manna tayil a wurin a huta. Na taɓa yin haka da hannuna a farkon aikina, a wani gida da aka matsa mini da sauri saboda suna. Damina ɗaya aka yi, danshin da ya rasa hanyar fita ya haura saman tayil ɗin ya ɓullo a can, tayil ɗin kuma ya fara ƙarar kwankwasa yana saki. Na koma na gyara da kuɗina, kuma har yau in na tuna matar gidan da ta yarda da ni, ba na jin daɗi. Tun daga nan ban sake rufe bango mai danshi da tayil ko fentin mai ba.

Gara ma ƙawar danshi ce. Kabet ɗin ƙasa da ta ci, a fitar da shi gaba ɗaya daga gidan, kada a bar ko guntu don ana ganin yana da sauran kyau. A bi hanyarta ta ƙasa a ga inda take fitowa, a zuba maganin gara a ramin, a toshe da siminti. Katakon da zai zauna, kamar firam ɗin ƙofa, a shafe shi da maganin katako irin su Solignum. Kada a bari wani ya shafa baƙin mai ko ya yayyafa fiya-fiya a inda ake ajiye abinci.

Wuta da gas

Wayarin 1984 an yi shi ne don ƙwan fitila, fanka, rediyo da firij ɗaya. Yau a kicin guda akwai butar lantarki, injin markaɗe, na'urar ɗumama abinci, wataƙila da firiza, duk a kan soket ɗaya da aka jona wa doguwar waya. Ki sa mai aikin lantarki na gaske ya buɗe ya duba. Wayar soket kada ta gaza mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta fitilu 1.5, abin da ke jan wuta da yawa kamar murhun lantarki ko hita kuma a ja masa tasa daban mai kauri. Soket uku ko huɗu a saman kanta sun isa, a nesanta su da sinki da murhu da aƙalla ƙafa ɗaya. Ba sai an tona bango ba. Akwai farar robar da ake bi da waya a cikinta a jikin bango, in aka yi ta a miƙe aka shafe ta da fenti, ba mai lura da ita. Duk soket ɗin da ya yi baƙi ko yake ɗaukar zafi, a cire shi ranar.

Tukunyar gas kuwa, in da hali a fitar da ita waje, a yi mata ɗan keji na ƙarfe mai inuwa a bayan kicin, a huda bango a shigo da tiyo. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ya taru a cikin kabet ko a lungu yana jiran ashana. Shi ya sa nake ƙin ganin an kulle tukunya a kabet don kada ta ɓata ado. Tiyon da ya bushe ya fara tsattsagewa a canja shi, a kuma gwada mahaɗa da ruwan sabulu: in ya yi kumfa, akwai yoyo. Wannan aikin duka ba ya fitowa a hoto, baƙin biki ba za su yaba shi ba, amma 'ya'yanki da jikokinki ne ke shiga kicin ɗin.

Kicin ɗin kansa

Yanzu mu zo inda zuciyarki take. Hotunan kicin da ake gani a Instagram da TikTok, masu kabet fari tas daga ƙasa har sama, ba a tuƙa tuwon mutum 15 a cikinsu, ba a soya manja, ba a daka. Kicin ɗinki kuwa ana yin duk wannan. Saboda haka kafin ki kira kafinta, ki tsaya yini guda ki lura da yadda kike aiki a ciki: ina kike ajiye jarkokin ruwa ranar da famfo bai zo ba, ina buhun shinkafa da na masara suke, ina babbar tukunya take zama, ina turmi. Kicin ɗin da bai yi wa waɗannan wuri ba, sati biyu zai yi yana kyau, daga nan komai ya dawo tsakar ɗaki.

Kantar kankare, in tana nan da ƙarfinta, ita ce dukiyar kicin ɗin. Ruwa ba ya cin ta, gara ba ta cin ta, tukunya mai zafi ba ta ƙona ta. Abin da take bukata sabuwar fuska ce. Tayil mai faɗin 60 da 60, mai ƙwari irin na ƙasa, shi nake sa wa a kai, domin faɗin kanta dama wajen santimita 60 ne, don haka mahaɗa ba ta yawa, datti ba ya samun wurin maƙalewa. Kwali ɗaya na irin wannan tayil guda huɗu ne a ciki, wato kusan mita biyu da rabi na tsawon kanta. Kin ga kwali biyu ko uku sun gama miki. Dutsen giranait ya fi kyau, ba musu, amma da kuɗinki zan haƙura da shi, ko in sa shi a gefen sinki kawai. Idan kantar sabuwa za a yi, tsayinta ya zama tsakanin santimita 85 da 90, kuma ki roƙi magini ya yi miki wani ɓangare gajere, daidai gwiwa, inda za a ɗora murhun babbar tukunya. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo a kan doguwar kanta ta san abin da kafaɗa ke ji.

Ƙarƙashin kantar ba ya bukatar cikakken kabet. Ramukan suna nan, ƙofofi kawai za a sa musu. A nan ina ba ki shawarar alminiyum, musamman ƙarƙashin sinki, tunda gara ta riga ta san hanyar wurin. Allon MDF yana da kyan gani da sauƙin kuɗi, amma da zarar ruwa ya taɓa bakinsa sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa. In dole sai katako, a nemi filawud mai jure ruwa, a rufe bakinsa, a kuma ɗaga ƙasan ramin da siminti kamar santimita 10 don ruwan wanke ƙasa kada ya riƙa shiga. A sama kuwa, kabet biyu masu ƙofa sun isa don kayan da ba a son ƙura ta hau, irin su tangaran da kulolin baƙi. Sauran a yi kantoci buɗaɗɗu na katako mai kauri don abin da ake ɗauka kullum. Na san ƙurar hunturu, shi ya sa ban ce a bar komai a buɗe ba. Abin da ake wankewa kullum ƙura ba ta samun zama a kansa.

Bangon da ke tsakanin kanta da kabet ɗin sama, tsayin santimita 60, shi kaɗai ke bukatar tayil, sai bayan murhu da za a ɗan ƙara masa tsawo. Ba sai an kai tayil har silin ba. In akwai tsohon farin tayil a wurin kuma bai saki ba, ki ƙwanƙwasa shi da cokali: wanda ya yi ƙarar rami a cire, sauran a wanke, a kankare tsohon simintin mahaɗa a cika da sabo fari. Za ki yi mamakin yadda wannan kaɗai ke mayar da bango sabo.

Sai hayaƙi. Kada mai fenti ya shafa fenti kai tsaye a kan baƙin nan. Maiƙo ne da toka, zai ratso sabon fentin cikin 'yan makonni ya fito rawaya-rawaya. A wanke bangon da ruwan ɗumi da omo, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, a shafa fentin share fage mai mai shafi ɗaya don ya danne tabon, sannan a bi da fenti mai ɗan sheƙi wanda ake iya gogewa da tsumma. Kuma a yi wa hayaƙin hanyar fita, in ba haka ba an yi tufka da warwara. Ƙaramar fankar da ke zuƙe iska a saman bango kusa da murhu tana taimakawa, amma tunda wuta ba kullum ba, na fi dogara da bulo mai huji guda huɗu ko shida a can sama, da raga a bayansu. Girkin gawayi da na itace kuma ya koma tsakar gida ƙarƙashin 'yar rumfa. Gawayi a rufaffen ɗaki, baya ga baƙanta bango, yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa.

Tarazo, luba da silin

Tarazon nan kada ki bari a taɓa shi da guduma. Da za ki nemi a zuba miki irinsa yau, kuɗinsa zai ba ki tsoro, masu iya shi ma sun yi ƙaranci. Abin da ya sa ya dushe datti ne da ya shiga fuskarsa. Akwai masu injin goge tarazo, da ruwa suke yi, su cire siririn sama su shafa masa man sheƙi, sai ki ga duwatsun cikinsa sun fito kamar jiya aka zuba. Inda ya tsage a cike da farin siminti mai ɗan launi kafin a goge. Gargaɗi ɗaya: kada a wanke shi da asid ɗin da ake wanke tayil da masai. Tsakuwar cikinsa ta marmara ce, asid cinye ta yake yi ya bar ƙasan da kaushi. A kicin kuwa tarazo ya fi tayil nesa ba kusa ba, domin na sha canja tayil ɗin da taɓarya ta fasa, amma ban taɓa ganin turmi ya fasa tarazo mai kyau ba.

Luba ma ina da ra'ayi a kanta wanda ba kowa ke so ba. Taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗuwa, luba kuwa gaba ɗayanta iska ce, kuma wanda ya san zafin Afrilu a Kano ba wuta ya san darajar wannan. Aibinta ƙura da tsufan ƙarfe. A canja gilasan da suka fashe, a sauya firam ɗin da ya ƙi rufuwa, a sa sabuwar ragar sauro, a yi wa ƙarfen tsaro fenti. Idan ranki ya nace, ki canja tagar falo ɗaya da ke kallon ƙofar shigowa, sauran su jira wata shekara.

Silin kuwa, a gidajen wancan lokaci sau da yawa allunan asbestos ne. Muddin suna zaune lafiya ba a taɓa su ba, fari kawai za a shafa musu. Haɗarinsu a ƙurarsu yake, mai illa ga huhu, don haka kada a goge su da samfefa, kada a yanka su da zarto. Wanda ya karye a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi a hankali da takunkumi a fuska, a sa sabon allo na zamani a gurbinsa. Haka tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi, yana iya ƙunsar dalma, kuma tun abin da ya faru da yara a Zamfara a 2010 mun san abin da dalma ke yi wa ƙananan yara. A goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa, yara da mai juna biyu ba sa wurin, a share da jiƙaƙƙen tsumma. POP ki cire shi daga lissafin bana. Ado ne mai kyau, amma shi kaɗai zai iya lashe rabin kuɗinki, kuma digon yoyo ɗaya ke ɓata shi.

Fenti da falo

A fenti ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, kuma a nan aka fi cutar masu gida. Ga lissafin da za ki riƙe. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in aka cire ƙofa da taga, bangonsa bai wuce murabba'in mita 40 ba. Shafi biyu ya zama 80. A aikina, lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, wato lita 8 zuwa 10 ke nan. Bokiti mai lita 20 zai yi miki ɗaki biyu irin wannan. Wanda ya ce ɗaki ɗaya zai ci bokiti biyu, ki nemi bayani. Ki sayi fentin da kanki a wurin dila, ko Dulux ne, ko Berger, ko wani da aka sani, ki duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, domin ana cika tsohon bokitin kamfani da haɗin gida. Araha ba ta ado: fenti mai arha sai an yi shafi huɗu, kuma yana bin rigar duk wanda ya jingina. Ki kuma sa ido a kan ruwan da ake ƙara masa, kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin.

Launi ɗaya mai haske a falo, baranda da ɗakuna ya fi araha, domin ragowar wannan ɗaki tana shiga wancan, gidan kuma ya fi faɗi a ido. Fari tas ba ya jure jar ƙurarmu. Ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske sun fi rufa asiri. Silin ya zama fari. In kina turaren wuta a falo, ki riƙa ajiye kaskon kusa da taga, don shi ma yana baƙanta silin a hankali. Ki canja ƙwayayen fitila zuwa LED, masu farin haske a kicin da ɗaya a saman kanta inda ake yanka, masu ɗan ja-ja a falo.

Kujerun falo, ki sa a juya ɗaya a duba ƙashinta. In katakon mai nauyi ne bai motsa ba, ya fi yawancin sababbin da ake jerawa a bakin titi. Sabon soso da sabon yadi kawai suke so. Ki je Kantin Kwari da kanki ki zaɓi yadin kujera da na labule rana ɗaya don su dace. Labule a ɗaga sandarsa kusa da silin, ya sauka har ƙasa, faɗin yadin ya kusa ninka faɗin tagar sau biyu. Ɗakin sai ya yi kamar an ƙara masa tsawo. Tsohon kafet mai rufe ɗaki duka a naɗe shi, ma'ajiyar ƙura ce, a bar tarazo ya fito da darduma ɗaya a tsakiya. Sannan abin da ya fi wuya ga kowace uwar gida: rage kaya. Kwanukan jere da ba a taɓa ci a ciki ba tun aurenki, da kujerar da ta toshe hanya, ki kira dillaliya. Tsofaffin fayif da ƙarafan da aka cire kuma 'yan gwangwan za su saya a kan kilo. Kuɗin labule yana iya fitowa daga nan.

Rabon kuɗi da masu aiki

Farashin siminti da fenti yana motsi wata-wata, don haka da kashi nake lissafi. In aka raba kuɗinki goma, zan ba ruwa, gara, wuta da gas kashi uku, kicin kashi uku, fenti da gogen tarazo kashi biyu, falo kashi ɗaya. Ɗayan da ya rage ki ɓoye shi kamar babu, domin tsohon gida sai an buɗe shi yake faɗin sauran ciwonsa. In kuɗin ya gaza, ɗakunan kwana su jira, kujeru a yi musu riga maimakon sabon soso.

Kayan aiki ki saya da kanki ko ki tura ɗanki tare da mai aikin: kayan famfo da ƙarafa a Ƙofar Ruwa, katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, robobin ajiya a Ƙofar Wambai. A tambayi shago uku kafin a biya. Da kowane mai aiki a yi jinga a kan aikin hannu kawai, a rubuta a takarda abin da zai yi da ranar gamawa, da shaida. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, cikon kuma sai kin duba aiki da rana. Aiki daga sama yake sauka: kwano, famfo da waya, filasta, tayil, gogen tarazo, kafinta, fenti a ƙarshe, labule bayan kowa ya fita. Lokaci mafi kyau shi ne daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, bango ya fara bushewa, hazo bai sauko ya manne a ɗanyen fenti ba. Ki guji makonnin gab da Sallah, lokacin kowane mai fenti yana da gida biyar a hannu. Ki ba aikin wata biyu kafin ranar biki, saboda jiran bushewar filasta kaɗai ya kusa cinye ɗaya.

Duk wannan na faɗe shi ne a kan abin da kika bayyana, ban taka gidan ba, kuma akwai abin da ya fi ƙarfin magini da mai fenti. Siririyar tsaga kamar gashi a filasta ba komai ba ce, cikewa ake yi. Amma tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda tsinken ashana ke shiga, ko ake ganinta ciki da waje, ko ƙofar da da take rufuwa yanzu ta ƙi, wannan maganar tushen gini ce. Ki sa a manna ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake tsagewa cikin 'yan makonni, ginin yana motsi, sai a dakatar da fenti da tayil a wannan ɓangaren a kira injiniyan gini ya duba tukuna.